Yadda Ake Kallon Zanen Matan Holan na Ƙarni na 17

Idan ka ci karo da zanen wata mata 'yar Holan sanye da baƙaƙen kaya da farar kwala, kada ka ɗauka takaba take yi. A Amsterdam da Haarlem na wancan zamani, baƙin rini mai kyau tsada gare shi, kuma matan attajirai ne ke yin ado da shi. Saboda haka fara da tufafi. Dubi yadda mai zanen ya bambanta siliki da karan-miski alhali duka baƙi ne, ka kuma lura da leshin wuya da na hannu. Faffaɗar kwalar nan da ake sa wa sitaci tana cin wanki da guga, abin da ke nuna gidan yana da masu aiki.

Daga nan ka nemi mijin. Galibi zane biyu ake yi wa ma'aurata a rataye su jere, miji a hagun mai kallo, mata a dama, ta ɗan juyo wajensa. In ka ga mace ita kaɗai tana fuskantar hagu, mai yiwuwa an raba ta da zanen maigidanta. Nemi Oopjen Coppit da mijinta Marten Soolmans, waɗanda Rembrandt ya zana a 1634. A 2016 Holan da Faransa suka haɗa Yuro miliyan 160 suka saye su, bisa yarjejeniyar ba za a raba su ba.

Kada ka manta da hannuwa. Oopjen tana riƙe da maficin gashin jimina. Matan da Frans Hals ya zana wajen 1664, masu kula da gidan tsofaffi a Haarlem, littafi ne a gabansu, domin shugabanci suke yi. Judith Leyster kuwa ta zana kanta riƙe da burushi, tana shaida wa duniya sana'arta.

Ka kuma sani ba kowace fuska ce ta matar da ta biya a zana ta ba. Yarinyar nan mai ɗan kunnen lu'ulu'u da Vermeer ya zana nazarin fuska da sutura ce kawai, shi ya sa ba ta da suna.

Ba sai ka je Turai ba. Gidan tarihi na Rijksmuseum ya sa hotunansa a intanet kyauta. Zaɓi zane ɗaya, ka ƙara girmansa, ka karanta sunan matar da shekarar, sannan ka bi tufafi, hannu da fuska a tsanake kafin ka wuce zuwa wani.