Darasi: Canja wa Kariya Tukunya a Gidan da Ke da Mussa

Darasinmu na yau a kan kariya yake, itacen nan mai kaurin gindi da jan fure, wanda ke fure da rani ko ba ganye jikinai. Tun da anka mai da Birnin Kebbi hedkwatar jiha a 1991 ma'aikata sunka yawaita, gidaje da ofisoshi suna neman furen tukunya. To, abin da a da ake bari bakin shinge ya zama haja.

Lokacin canja tukunya shi ne fitar hunturu, wajen watan Maris, sa'ad da itacen ke farkawa. A bar ba shi ruwa kwana uku tukuna, sannan a zare shi, a kakkaɓe tsohuwar ƙasa.

Batun ƙasa nan ne aka fi hasara. Lakar fadamar Rima, daga Ambursa har Argungu, tana riƙe ruwa, shi ya sa shinkafa ke sonta, shi ne kuwa ke ruɓar da saiwar kariya. Mu dai abin da munka ga ya yi kyau: rairayi mai tsakuwa kwano 2, takin da ya ruɓe sarai kwano 1, da ɗan dakakken gawayi. Tukunyar ƙasa mai faɗi, a huda gindinta. Saiwar da ta yi baƙi ta yi laushi a yanke ta da wuƙa mai tsabta, a aje itacen a inuwa kwana biyu ko uku har ciwon ya bushe. In an zo dasawa a ɗaga gindin kamar yatsa biyu bisa inda ƙasa ta tsaya a da, don kaurin gindin nan shi mai saye ke biya. Kada a ba shi ruwa sai bayan mako guda. Dillali ya lura: wanda anka shuka daga iri shi ke yin gindi sosai, na reshe ba ya kai shi, kada a yi musu kuɗi ɗaya.

Sai maganar mussa, wato kyanwa. Mai rumbu ko shagon hatsi ba ya rabuwa da ita, don ɓera. Ita ko in ta ga sabon rairayi, ta samu makewayi ke nan: ta tone, ta yi fitsari, saiwa ta ƙone. Maganin wannan mai sauƙi ne, a rufe bakin tukunya da tsingaro ko manyan tsakuwa.

Ɗayan haɗarin ya fi girma. Ruwan da ke fita jikin kariya dafi ne mai taɓa zuciya, har mahalba na shafa shi ga kibiya. Ranar yanka a kulle mussa ɗaki, a share guntayen saiwa a bizne, a wanke wuƙa da hannu, kada a taɓa ido. In an ga tana dalala da amai, maza a kai ta wurin likitan dabbobi. Awaki da yara ƙanana ma a tsare.

In mai saye ya ce gidansa da kyanwa, a gaya mishi gaskiya tun ba a karɓi kuɗi ba. Akwai furen okid da ake kawowa daga Legas da Abuja, mai faɗin fure, wanda ba shi da dafi ga kyanwa. Amma shi ba ya son ƙasa ko kaɗan, sai ɓawon itace da gawayi, a canja mishi tukunya bayan shekara biyu in fure ya zube. Zafin Afrilu na nan yana wuce digiri 40, buji kuma na busar da saiwarsa. Shawararmu, kada a sari okid a jibge, sai wanda anka yi oda.