Darasi na Tara: Kwamin Agwagi da Wutar Lantarki

Kiwon agwagi ba sai an koya muku ba. Daga Unguwar Dosa zuwa Kawo da Hayin Banki, akwai gidajen da ke da kwamin siminti a bayan ɗaki. Wasu sun gaji da jan guga, sun sa ƙaramin injin ruwa mai ƙwallo: ruwa ya yi ƙasa, ƙwallo ya sauka, inji ya tashi da kansa. Madalla. Sai dai injin da ke tashi da kansa ba ya duba ko hannunka na cikin ruwa.

Maganar da nake so ku daina ita ce "ai an ɗauke wuta." A zare filogi tukuna, sannan a taɓa ruwa.

Ku dubi wannan gida, da safe, cikin ruwan Agusta.

"Malam, kashin agwagi ya toshe injin nan, kwamin har wari yake."

Maigida ya naɗe ƙafar wando, ya tuɓe takalmi.

"Ka zare filogin?"

"Haba Hajiya! Tun asuba NEPA suka ɗauke. Ba ki ga fanka a tsaye ba?"

"Jiya ma sun ɗauke, suka maido ina tsakiyar tuƙin tuwo. Sun yi maka sallama?"

Ya juya yana gunaguni, toron agwagwa ya bi shi da saran dunduniya, yara suna ta dariya. Bai kai ga bango ba fanka ta juya, unguwa ta ɗauki ihu: "An kawo wuta!" Inji ya kama gurnani a daidai inda zai tsoma hannu.

Wutar da Kaduna Electric ke kawowa ƙarfinta kusan volt 230 ne. Jiƙaƙƙen jiki, ƙafa ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti, ita ce hanyar da take so ta bi zuwa ƙasa. Ko an ɗauke, a zare filogi. Ko an kashe makunni, a zare. Balle idan kana da maƙwabci irin wanda ke haɗa janareta kai tsaye da wayar gida, wutarsa na iya biyo layi ta iso gidanka. Irinsu ne masu cusa tsirarar waya a soket da tsinken ashana, su ɗaure mahaɗa da leda, an yi magana su ce shekara nawa suna yi.

Sauran kun sani. Soket ya zauna a sama, ƙarƙashin rufi, inda feshi ba ya kai. Wayar ƙasa, mai kore da rawaya, kada a yanke ta. Mai gyaran wuta ya sa muku na'urar da ke katsewa da zarar wuta ta zurare da miliyam 30, kuna danna maɓallin gwajinta lokaci-lokaci. Ko da ita, a zare filogi.

Idan wuta ta kama wani, kada ka riƙe shi. Kashe babban makunni, ko ka ture wayar da busasshiyar sanda, sannan a garzaya da shi asibiti ko da ya ce ya warware.