Darasi: Addu'ar Annabi Ilyasu a Littafin Kirista da Roƙon Ruwa

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya ku 'yan'uwa, mutanen Filinge da ƙasar Kurfai sun san halin da ake shiga idan damina ta yi jinkiri. Dattawa ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, sa'ad da gero ya bushe a gonakin Dallol Bosso, dabbobi suka yi ta mutuwa. A irin wannan hali ne ake fita sallar roƙon ruwa. To, mene ne ke sa addu'a ta yi tasiri?

Littafin Kirista ma ya yi magana a kan wannan, da labarin Annabi Ilyasu (AS), wanda suke kira Iliya, wanda Suratus Saffat ta ambata yana hana mutanensa bautar gunkin Ba'al. A Littafin Sarakuna na Farko, babi na 18, an ce bayan dogon fari ya hau Dutsen Karmel, ya sunkuya ƙasa yana roƙo. Ya aiki baransa ya duba wajen teku, bai ga kome ba. Sai a karo na bakwai ya hango ɗan girgije kamar tafin hannu, sannan ruwa ya goce.

Wasiƙar Yaƙub, babi na 5, ta ce farin ya kai shekara uku da wata shida, kuma Iliya ɗan Adam ne kamar kowa. Ta jingina ƙarfin addu'a ga adalcin mai yin ta da naciyarsa. A babin nan dai ta gargaɗi mawadatan da suka danne ladan masu yi musu girbi, ta ce kukan waɗannan ya isa ga Ubangiji.

Wannan ya dace da hadisin Muslim game da matafiyin da ya ɗaga hannuwansa sama yana roƙo, alhali cinsa da shansa da tufarsa haram ne, Manzon Allah (SAW) ya yi mamakin yadda za a amsa masa.

Saboda haka, kafin mu fita filin roƙon ruwa, mai riƙe da kuɗin ɗan ƙwadago ya biya shi. Wanda ya ci iyakar gonar maƙwabcinsa ya mayar. Manomi da makiyayi su sasanta. Sannan mu roƙa, mu sake roƙa, kada mu ɗebe tsammani.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.