Filin Shawara: In cike sauran takardun da hannuna?

Ni ɗalibar likita ce a ajin ƙarshe, 'yar Kalmalo ta ƙaramar hukumar Illela. Furojet ɗina a kan tsargiya ne tsakanin 'yan firamaren garinmu. Lissafi ya ce in samu yara 200, amma wasu iyaye sun hana, 'yan mata kuma kunya ta hana su kawo fitsari. Malamin da ke duba aikina ya dawo mini da shi jawur da biro, wai ban faɗi yadda na zaɓo yaran ba. Ƙawata ta ce in shiga ɗaki in cike takardun yaran da ban samu ba da hannuna, ai kowa haka yake yi. Ya zan yi?

Mai damuwa, Kalmalo

'Yata, kada ki soma. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma wadda ta fara da ƙago yara a takarda, gobe awon jinin majinyaci za ta ƙago. Malaminki ma ba adadin ya dame shi ba. So yake mai karatu ya iya bin sawunki.

Akwai ma'aunin da masana suka fitar a 2007 don irin wannan bincike, sunansa STROBE, mai abubuwa 22. Yana intanet kyauta. Ki buga shi, ki ajiye kusa da kundinki, ki bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Zai tambaye ki: yara nawa kika nema, nawa suka yarda, nawa suka kawo fitsari, me ya hana sauran? Ki rubuta gaskiya. Ƙin da 'yan matan suka yi shi ma sakamako ne, domin yana nuna alƙalumanki sun fi magana a kan maza.

Ki faɗi wata da lokacin da kika karɓi fitsarin, tunda ƙwan tsargiya ya fi fita tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana. Ki faɗi ko a madubin likita kika ga ƙwan, ko da tsinken gwaji kika ga alamar jini, domin ba ɗaya ba ne. Ki kawo amincewar kwamitin ɗa'ar bincike da yardar iyaye.

Sannan ki ambaci waɗanda ba ki kai gare su ba: almajirai, yaran da ke kiwo da ban-ruwa a fadama, da masu kai-komo tsakanin Illela da Birnin Konni. Ba sa aji, alhali suna shiga ruwa kamar kowa, ko ma fiye.

Ki koma wurin malaminki da wannan jeri a hannu, ki nemi ya amince ki tsaya a kan adadin da kika samu. Yaran da kika ga ƙwai a fitsarinsu kuwa, ki tabbatar sun sha farazikwantel kafin ki kai kundin wurin ɗinki. 'Ya'yan maƙwabtanku ne.

Gwaggonki