Gansakuka Mai Guba: Darasi Daga Tafkin Iri

A ranar 2 ga watan Agusta na shekarar 2014, hukumomin birnin Toledo da ke jihar Ohayo ta ƙasar Amurka suka gargaɗi mutane kimanin 400,000 da kada su sha ruwan famfo, kada kuma su tafasa shi. Sai ranar 4 ga wata aka janye gargaɗin. Musabbabin wannan al'amari shi ne gansakukar da ta lulluɓe yammacin Tafkin Iri, inda birnin yake jawo ruwan sha.

Abin da ido ke gani kamar koren fenti a saman ruwa taro ne na wasu ƙwayoyin halitta da masana ke kira sayanobakteriya. Kamar tsirrai, da hasken rana suke haɗa abincinsu. Sukan hayayyafa ainun idan abubuwa uku suka haɗu: zafi, da ruwa mai kwanciya, da yalwar sinadaran fosfaras da naitirojin. A Tafkin Iri, binciken masana ya nuna cewa yawancin fosfaras ɗin daga takin gonaki yake fitowa. Ruwan sama ke wanke shi zuwa Kogin Maumi, kogin kuma ya zuba shi a tafkin.

Wasu daga cikin waɗannan ƙwayoyi suna samar da guba mai suna maikurosistin, wadda ke lalata hanta. Tafasa ruwa ba ya kashe ta. Hasali ma, idan tururi ya fice, gubar takan ƙara yawa a ruwan da ya rage. Wannan ne dalilin hana tafasawar.

Matsalar ba sabuwa ba ce. Tun a 1878 masanin kimiyya George Francis ya ba da rahoton mutuwar dabbobin da suka sha irin wannan ruwa a wani tafki na Ostireliya. A yau masu bincike suna amfani da hotunan tauraron ɗan'adam wajen hango yaɗuwar gansakuka tun kafin ta isa bututun jawo ruwa. Haka kuma, a 2016 Amurka da Kanada suka amince su rage fosfaras ɗin da ke shiga yammacin tafkin da kashi 40 cikin 100.

Zafi, da takin zamani, da ruwa mai kwanciya duk akwai su a madatsun ruwa da kududdufan ƙasar Hausa. Saboda haka, duk ruwan da ya rikiɗe ya zama kore shar, a nisanta yara da dabbobi daga gare shi.