Baƙon Kifi a Tafkin Titikaka

A Amurka ta Kudu, tsakanin ƙasar Peru da ta Bolibiya, akwai wani babban tafki a bisa duwatsun Andis, sunansa Titikaka. Tsawonsa daga bakin teku zuwa sama ya kai ƙafa 12,500. Saboda haka ruwansa sanyi ƙalau, wanda ya faɗa ciki kuwa ba ya daɗewa jikinsa ya sandare.

Tun kaka da kakanni mutanen wurin suna ɗaure wata ciyawar ruwa dami dami su yi jirgi da ita, kamar yadda Buduma suke yi a Tafkin Cadi. Yanzu kuma baƙi masu yawon buɗe ido suna shiga tafkin da wani ɗan siririn kwalekwale, ana ce da shi kayak. Asalinsa na mutanen Inuwit ne, na can ƙasar ƙanƙara. Su da fatar dabbar teku suke rufe nasu, na zamani kuwa galibi da roba ake yi. Mutum yakan zauna ya miƙe ƙafafu a ciki, ya riƙe filafili mai baki biyu, ya tsoma dama, ya tsoma hagun. Mai hankali da sassafe yake fita, gama da la'asar iska takan taso, kayak kuwa ba shi da wuyar kifewa.

Kifin da ya fi suna a tafkin shi ne turawut. Yana son ruwa mai sanyi, mai tsabta, kuma idan ya haɗiyi ƙugiya ba ya miƙa wuya sai ya yi ta tsalle. Amma fa ba ɗan gida ba ne. Wajen shekarar 1940 aka kawo irinsa daga Amurka ta Arewa aka zuba, don mutane su sami nama. Niyyar mai kyau ce, sai dai ba a yi dogon tunani ba. Baƙon nan ya yi girma, ya hayayyafa, ya dinga cin ƙananan kifayen da ya tarar, yana kuma ƙwace musu abinci. Wani daga cikinsu, mai suna umanto, ya ɓace, ba a ƙara ganinsa ba.

Yau masunta da yawa kiwon turawut suke yi cikin manyan kejina na raga a kan ruwa, su kai shi kasuwar birnin Puno. Kifin gargajiya kuwa, irin su karaci, ya yi ƙaranci ƙwarai.