Yadda Ake Auna Matashin Gola a Hokin Ƙanƙara

Ragar hokin ƙanƙara ƙarama ce, faɗinta ƙafa 6, tsayinta ƙafa 4. Abin da ake bugawa kuwa wani ɗan faifan baƙar roba ne mai faɗin inci 3, a daskare yake shiga fili, kuma idan gwani ya ɗirke shi da sanda gudunsa kan haura kilomita 160 a awa. Yaron da ke tsaye bakin wannan raga shi ya fi ba masu farautar 'yan wasa na ƙungiyoyin babbar gasar hoki ta NHL ciwon kai, domin yana ɗan shekara 18 ake zaɓarsa, alhali golan hoki ba ya cika nuna sai ya doshi 25.

Da takarda ake farawa. Ana duba kashi nawa cikin ɗari na bugun da aka yi masa ya tare. A manyan gasanni, wanda ya kasa kai kashi 90 ana kallonsa a kaikaice. Sai dai mai farauta da ya san aikinsa ba ya tsayawa nan, yana tambaya: su wa ke tsare gabansa? Patrick Roy, lokacin da yake ƙungiyar matasa ta Granby a lardin Kebek na Kanada, sama da huɗu ake zura masa a wasa, don gabansa a buɗe yake. Ƙungiyar Montreal ta ɗauke shi a lamba ta 51 a zaɓen 'yan wasa na NHL na 1984, bayan shekara 2 ya ci mata Kofin Stanley, kambun gasar, yana ɗan shekara 20. Saboda haka ake rarrabe bugun. Wanda aka harbo daga nesa gola na kallo, wannan kyauta ce. Wanda aka yanko daga gefe zuwa gefe a gaban raga, shi ne jarrabawar gaskiya.

Daga nan sai a tafi fili. Mai farauta yakan nemi kujera a bayan raga ko a kusurwa, ya ƙyale faifan da kowa ke bi da ido, ya kafa wa ƙafafun yaron ido. Nan aikin yake. Idan aka miƙa faifan daga dama zuwa hagu, shin ya tunkuɗa da ƙafa ɗaya, ya zame, ya ci birki, ya daidaita ƙirjinsa da faifan kafin a buga? Ko kuwa bugun ya same shi yana cikin tafiya? Sannan a duba nisan fitowarsa daga raga. Ya fito da yawa, a kewaye shi. Ya maƙale ciki, ya bar wa mai bugu kusurwoyi a buɗe. Ni dai ba na yarda da golan da kullum sai ya yi tsalle ya baje a ƙasa sannan ya tare. 'Yan kallo su yi ta ihu, amma sau da yawa makara ce ta jawo tsallen. Wanda faifan ke dukan ƙirjinsa kamar maharba ba su iya saiti ba, shi ne ya riga su isa wurin.

Sai ido. Ana so kansa ya bi faifan har ya shiga safar hannunsa, kuma idan ƙattai suka tsaya gabansa don tare masa gani, ya leƙa ta gefe ko ta saman kafaɗa ba tare da ya bar gurbinsa ba. Kusan duk golan yau da salon malam-buɗe-littafi yake tsaro, wato ya zube kan gwiwoyi, ya baza matasan ƙafafunsa su toshe ƙasan raga, salon da Roy ya yayata tare da kocinsa François Allaire. Cutar matasa ita ce saurin durƙusawa. Da zarar an ɗaga sanda sun zube, sai maharbi ya ɗan jinkirta ya jefa ta saman kafaɗa. Ana kuma lura da inda faifan ke faɗawa bayan ya tare: ya kore shi kusurwa, ya danne shi, ko ya mayar wa abokan gaba a tsakiya?

Tsayi ma ana awonsa, kuma ƙungiyoyi sun fi kwaɗayin dogo. Amma Juuse Saros ɗan Finland, mai mita 1.80, ya zama babban golan ƙungiyar Nashville duk da haka. Likitoci kuwa ƙugu suke bincika, don yawan zubewa kan gwiwa na cinye shi.

Abin da ba a gani a bidiyo shi ne zuciya. Mai farauta kan so ya halarci ranar da aka ci yaron ƙwallon sakaci, ya ga mintuna biyar da suka biyo baya. Ya doki sanda, ya harari 'yan bayansa? Ko ya kurɓi ruwa ya koma gurbinsa? Daga baya a tuntuɓi kocinsa kan yadda yake a atisaye da yadda yake karɓar gyara, kana a rubuta rahoto, a sake zuwa wani wasan, gida da waje.

Duk da wannan wahala, ana tafka kuskure. A zaɓen 2000, New York Islanders ta ɗauki Rick DiPietro a lamba ta 1, raunuka suka lalata masa wasa. A wannan zaɓen dai maƙwabciyarta Rangers ta tsinci Henrik Lundqvist ɗan Suwidin a lamba ta 205, shi ne ya lashe kyautar Vezina ta gwarzon gola a 2012. Dominik Hašek, mai Vezina 6, a lamba ta 199 aka ɗauke shi a 1983. Shi ya sa ƙungiyoyi da yawa yanzu ba sa kashe zaɓinsu na zagayen farko kan gola. Sukan jira zagayen baya su ɗauki ɗaya, su bar shi a jami'a, ko a Turai, ko a ƙaramar gasar AHL, kocin gololi na kai masa ziyara, har shekara huɗu ko biyar kafin a yanke hukunci a kansa.